Haƙori In Ya Tsage: Abin Da Ya Kamata Ku Sani

Ana tsakiyar cin shinkafa da wake sai ka ji ƙaras a can ƙuryar baki. Tsakuwa ce ta kuɓuce wa mai tsinta. Zafi ya harba har kunne, ka dafe kunci, ka furzar da lomar, ka sa harshe kana lalubar haƙoran ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya ɓalle, babu jini. Kafin abincin ya huce zafin ya lafa, ka mayar da tauna ɗaya ɓangaren ka ƙarasa.

Bayan sati biyu aka kawo tsire. Ka ciza, kana sakin cizon sai ka ji kamar an soka maka allura, nan take kuma ya ɗauke. Washegari ka kurɓi ruwan randa mai sanyi, wurin ya amsa. Ka tsaya gaban madubi ka wage baki, ka ga haƙori fari tas, ba kogo, ba baƙi. Daga nan sai a fara ba ciwon suna. Wani ya ce sanyi ne, wani ya ce tsutsa ce, mai kemis ya ƙulla maka ƙwayoyi kala uku a leda.

Sau da yawa abin da ya faru shi ne haƙorin ya tsage, tsagar da ta fi silin gashi siranta. Akwai abu ɗaya da ya kamata kowa ya riƙe game da ita: ba ta haɗewa. Ƙashi in ya karye, a ɗora shi ya kama. Fata in ta yanke, ta haɗa kanta. Haƙori bai samu wannan baiwar ba. Ko dai a tsayar da tsagar inda take, ko ta yi ta nutsawa duk sanda aka tauna abu, har ta raba haƙorin biyu. Galibi tsawon lokacin da aka ɗauka kafin a je wurin likita shi ne ke yanke hukuncin ko za a ceci haƙorin ko za a cire shi.

Abin da ke cikin haƙori

Babban mutum haƙora 32 gare shi in duk sun fito, yaro kuma 20 kafin ya yi famfara. Kowane haƙori hawa uku ne. Na waje shi ne farin ɓawon da muke gani, wanda likitoci ke kira inamel. Duk jikin ɗan Adam babu abin da ya kai shi tauri, har ƙashi, domin kusan kashi 96 cikin 100 nasa ma'adini ne zalla. Sai dai taurinsa irin na tangaran ne. Yana jure gogayya shekara da shekaru, amma bugu ɗaya a mugun wuri ya isa ya tsaga shi. Babu jini a cikinsa, shi ya sa abin da ya tafi ba ya dawowa.

Ƙarƙashin ɓawon akwai dentin, mai ɗan ruwan ɗorawa, wanda bai kai na waje tauri ba. Cike yake da 'yan mitsi-mitsin hanyoyi masu ɗauke da ruwa, sun miƙe har tsakiyar haƙori. A tsakiyar nan ɓargon haƙori yake, wato jijiya da hanyoyin jini, waɗanda suka bi ta cikin saiwa suka sauka muƙamuƙi.

Daga nan ake gane dalilin zafin. In aka ciza abu a kan tsagaggen haƙori, ɓangarorinsa biyu sukan ɗan buɗe, buɗewar da ido ba ya gani. Ana sakin cizon sai su koma su haɗe da sauri, ruwan da ke cikin hanyoyin nan ya motsa, jijiya ta ji. Shi ya sa masu wannan ciwo da yawa ke cewa sun fi jin sukar lokacin da suka saki. Sannan sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙwayoyin cutar da ke cikin baki suna bin tsagar sannu a hankali har su isa ɓargo.

Me ke tsaga shi?

Babban mutum in ya matse muƙamuƙi iya ƙarfinsa, nauyin da ke sauka kan turame, wato manyan haƙoran tauna na can ciki, yakan haura kilo 50. Buhun siminti ke nan a kan wurin da bai fi ƙwayar gurjiya girma ba. In tuwo ne a tsakani, nauyin ya bazu. In tsakuwa ce, duk ya taru a tsini ɗaya. Shi ya sa turamen ƙasa suka fi kowane haƙori tsagewa, kuma an fi ganin matsalar ga waɗanda suka haura shekara 30, lokacin da haƙori ya riga ya sha aiki.

Abubuwan da muke ɗora wa haƙora suna da yawa. Ƙashin nama da ake fasawa don a zuƙe ɓargo, ƙanƙara a lokacin zafi, goriba, busasshiyar aya, ƙwallon dabino da aka ciza ba a sani ba, gasasshiyar masarar da ta kwana. Ga kuma mayar da haƙori kayan aiki: saurayi ya buɗe kwalbar lemo da shi, kafinta ya riƙe ƙusa, tela ya tsinka zare, mai gyaran lantarki ya ɓare waya.

Haƙorin da ya riga ya yi rauni ya fi saurin tafiya. Mai babban kogo, ko mai tsohon ciko da ya cinye rabinsa, bangonsa ya zama siriri kamar tukunyar da aka kankare cikinta. Haka wanda aka cire wa jijiya ba a sa masa hula ba, wato murfin da likita ke kifa wa haƙori. Wanda kuma ya rasa haƙora biyu ko uku, aikinsu ya koma kan waɗanda suka rage.

Akwai wani dalili da mai shi ba ya sani, sai abokin kwanansa: cizon haƙora cikin barci. Matar gida ce ke jin ƙarar kamar ana niƙa a dutse, shi kuwa ya tashi da safe muƙamuƙi a gajiye, kai yana sarawa ta gefe-gefe. Damuwa na ƙara shi. A shekarar 2021, lokacin annobar korona, Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Amurka ta tambayi 'ya'yanta, fiye da rabinsu suka ce masu cizon haƙora da masu tsagaggen haƙori da ke zuwa wurinsu sun ƙaru. Dalili na ƙarshe shi ne bugu, kamar faɗuwa daga babur, naushi ko karo a filin ƙwallo, wanda ya fi shafar haƙoran gaba.

Yadda ake gane shi

Ciwon kogo yakan nuna kansa, ka ga ramin, ka ga abinci na maƙalewa. Tsaga kuwa ɓoyayyiya ce, har likitoci takan ba wahala. Tun 1964 wani likitan haƙori ɗan Amurka, Caryl Cameron, ya ware ta ya raɗa mata sunan da ake kiranta da shi har yau, wato ciwon tsagaggen haƙori. Alamominta sukan zo kamar haka.

Suka mai kaifi lokacin tauna, musamman abu mai tauri ko mai ƙwaya-ƙwaya, wadda ke ɗaukewa cikin daƙiƙa kaɗan. Amsawa in sanyi ya taɓa wurin, wani lokaci har zaƙi. Zafin da ke zuwa yana tafiya, yau akwai, sati guda babu. Rashin iya nuna haƙorin da yatsa, mutum ya ce nan wajen ne, amma bai san ko sama ko ƙasa ba. Da kuma sauya ɓangaren tauna ba da niyya ba.

In zafin ya sauya kama, ya zama zugi mai daɗewa bayan shan shayi mai zafi, ko yana tayar da mutum tsakar dare ba tare da ya ci komai ba, to tsagar ta kai ɓargo ko tana dab da kaiwa.

Tsaga suna suka tara

Ƙungiyar ƙwararrun likitocin jijiyar haƙori ta Amurka ta kasa tsagar gida 5, kuma sanin su na rage fargaba, domin ba kowace tsaga ce abin tayar da hankali ba.

Ta farko 'yan layuka ne a kan ɓawo kawai. Kusan duk wanda ya manyanta yana da su, an fi ganinsu a haƙoran gaba in haske ya bugi wurin. Ba sa ciwo, ba sa buƙatar magani. Ta biyu ita ce ɓallewar tsini ɗaya na turmi, yawanci kusa da tsohon ciko. Ba kasafai take taɓa jijiya ba, gyaranta kuma yakan yi kyau. Ta uku ita ce wadda muke magana a kai, ta faro daga saman haƙori tana gangarawa saiwa, amma haƙorin bai rabu ba tukuna. Nan ne gaggawa take da amfani. Ta huɗu ita ce ta ukun da aka bari, haƙori ya rabu biyu har ɓangarorin na motsi, kuma da wuya a ceci irin wannan. Ta biyar daga saiwa take farowa ta yo sama, an fi samunta a haƙoran da aka taɓa cire wa jijiya, kuma ba ta cika ciwo ba sai dasashi ya fara kumbura.

Tazarar da ke tsakanin ta uku da ta huɗu tana iya zama wata shida, tana iya zama loma ɗaya.

Abin yi a gida kafin a ga likita

Duk abin da za a yi a gida na rage zafi ne da hana tsagar ƙaruwa na 'yan kwanaki. Da farko a hutar da haƙorin. A koma tauna ta ɗaya gefen, a ci mai laushi irin su tuwo, fate, alale, kunu da ya huce. A guji mai sanyi ƙarara da mai zafi ƙwarai.

A narka rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwa mai ɗumi, a kurkure baki bayan cin abinci, a zubar. A ci gaba da goge baki har wurin da ke ciwo, a hankali, domin dattin da ya taru ƙara ciwon yake yi. In kunci ya ɗan tasa, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora daga waje kamar minti 15. In wani gefe ya yi kaifi yana yankar harshe, a lulluɓe shi da cingam marar sukari. Da dare a ƙara matashi, domin kwanciya shimfiɗe na ƙara zugi.

Maganin zafi kuwa, babban mutum na iya shan farasitamol mai miligiram 500 ƙwaya 2 duk bayan awa 6, kada ya wuce ƙwaya 8 a awa 24. A duba kwalin maganin mura da na ciwon jiki, da yawansu akwai farasitamol a ciki, in aka haɗa ba a sani ba hanta ce ke shan wahala. Ibufurofen miligiram 400 bayan cin abinci, har sau 3 a rana, yana aiki sosai ga ciwon haƙori. Amma mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, mai juna biyu da mai shan maganin tsinka jini su guje shi, mai asma da mai hawan jini kuma su tambayi likita tukuna. Kada a haɗa shi da dikilofenak, 'yan gida ɗaya ne, haɗa su na iya fasa ciki. Yara awonsu daban ne, da nauyinsu ake lissafawa, kuma ba a ba ɗan ƙasa da shekara 16 asfirin.

Kanumfarin da iyayenmu ke sawa yana da tushe. Akwai sinadarin yujinol a cikinsa mai sa wuri ya yi sanyi, har likitocin haƙori na amfani da shi a cikon wucin gadi. Ɗigo ɗaya na mansa a auduga ya isa, in ya yi yawa yana ƙona dasashi, kuma ba na ƙananan yara ba ne.

In guntun haƙori ya ɓalle, a jefa shi cikin madara a tafi da shi, wani lokaci ana iya manna shi. In kuwa haƙorin babba ne ya fita ɗungurungum saboda bugu, a riƙe shi ta kai, kada a taɓa saiwar, a ɗauraye ba tare da gogewa ba, a mayar da shi gurbinsa ko a sa a madara, a isa asibiti cikin awa guda. Haƙorin yarinta ba a mayar da shi.

Abubuwan da ke ƙara ɓata lamari

Mai ciwon haƙori ba ya ƙin shawara, kowa ya faɗa masa abu sai ya gwada, kuma a nan ake samun ɓarna. Danna ƙwayar asfirin a jikin dasashi ƙona naman take yi, ya yi fari ya saluɓe. Ruwan batir, fetur, kanwa, garin taba da kafur duk sun fi haka muni. Ruwan batir guba ne mai cin nama da haƙori gaba ɗaya. In zafi ya ɗauke bayan an sa shi, nama ne ya mutu. Gasa kumburi da ruwan zafi daga waje shi ma ba shi da kyau.

Sai maganin kashe ƙwayoyin cuta, irin su amoksisilin da metronidazol, da ake saye ba takardar likita. Ba sa ɗinke tsaga, ba sa kuma isa cikin haƙorin da jijiyarsa ta mutu, domin jinin da zai kai su can ya daina shiga. Suna da ranarsu in ciwo ya fara yaɗuwa, likita ne zai faɗi ranar. Shan su barkatai na sa ƙwayoyin cuta su saba da su, ranar da ake buƙatarsu su ƙi aiki.

Maganar tsutsar haƙori tsohuwa ce, ba a ƙasar Hausa ta fara ba. An samu labarinta rubuce a allunan yumɓu na mutanen Mesofotamiya, Iraƙi ta yau, shekaru dubbai da suka wuce, Turawa ma sun daɗe a kanta. Likitan nan Bafaranshe, Pierre Fauchard, wanda ya wallafa littafinsa kan aikin haƙori a 1728, yana cikin waɗanda suka yi watsi da ita. Babu tsutsa a haƙori. 'Ya'yan wasu tsirrai in suka ji zafin turare sukan fashe su fitar da farin zare mai kama da tsutsa, shi ake nuna wa mai ciwo. Masu cire haƙori a kasuwa kuwa, hatsarinsu biyu ne. Tsagaggen haƙori yana da saurin karyewa a bar saiwa a ciki, kuma ƙarfen da ba a dafa ba yana ɗaukar ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki daga baki zuwa baki.

In zafi ya ɗauke da kansa

Wannan shi ne wurin da ya fi yaudarar mutane. Bayan kwanaki ana zugi, sai a wayi gari shiru. Mutum ya yi hamdala, ya ce maganin wane ya ci. Sau da yawa abin da ya faru shi ne jijiyar ta mutu, mataccen abu kuwa ba ya jin zafi. Ƙwayoyin cutar suna nan, sun ma samu ɗaki. Daga cikin haƙori sai su bi saiwa su sauka ƙashi, mugunya ta taru. Wani ya ga ɗan ƙurji a dasashi yana fashewa yana dawowa, baki yana ɗan wari, haƙorin ya yi duhu. Wani kuma sai dai ya tashi da fuska a kumbure.

Akwai alamomin da ba a kwana da su a gida: kumburin da ya sauka ƙarƙashin haɓa ko wuya, ko ya hau har ido ya fara rufewa, zazzaɓi da rawar ɗari, kasa buɗe baki, wahalar haɗiyar yawu, sauyin murya, numfashi da ƙyar. Ciwon turamen ƙasa na iya yaɗuwa ƙarƙashin harshe ya tura shi sama ya toshe hanyar iska. Wani likita Bajamushe, Wilhelm von Ludwig, shi ya bayyana wannan a 1836, kuma har yau yana kisa in an yi jinkiri. Mai ciwon suga, mai juna biyu da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni sun fi shiga hatsari. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, ɗakin taimakon gaggawa zai nufa, ko da tsakar dare ne.

A ɗakin likita

Yawancin aikin gano tsaga da baki ake fara shi. Likita zai tambayi yaushe abin ya fara, me ke tayar da shi, daƙiƙa nawa yake yi. Sai ya kwantar da kujera, ya ɗauko wani ɗan sandan roba ya ɗora a kan tsini ɗaya na haƙorin.

"Malam, ciza nan a hankali. Yawwa. To, saki."

"Ban ji komai ba, likita."

Ya matsar da sandan tsini na gaba. "Sake cizawa. Saki."

Sai ka ga mutum ya zabura ya kama hannun kujera. "Shi ne! Wallahi nan ne."

Daga nan likita zai rage hasken ɗaki ya haska wata 'yar fitila mai ƙarfi ta gefen haƙorin. Lafiyayyen haƙori haske na ratsa shi baki ɗaya, tsagagge kuwa hasken na tsayawa cak a bakin tsagar, rabi ya yi haske rabi ya yi duhu. Yana iya shafa shuɗin rini ya ga inda zai kwanta, ya ɗora auduga mai sanyi don ya ji ko jijiya na da rai, ya zagaya dasashi da siririn ƙarfe yana neman wurin da ya zurma.

Za a ɗauki hoto, amma kada ka yi mamaki in aka ce hoton bai nuna tsaga ba. Siririyar tsaga ba ta cika fitowa a hoto ba, amfaninsa shi ne ya nuna kogo, yanayin saiwa da ƙashin da ke kewaye. Wani lokaci sai an cire tsohon ciko kafin a ga iyakarta. Kafin a fara komai ka faɗa wa likita in kana da ciwon suga, hawan jini, sikila ko ciwon zuciya, da duk maganin da kake sha. Mai juna biyu ita ma ta faɗa, ciki ba ya hana a duba haƙori ko a yi masa aiki.

Gyara ko cirewa

Zurfin tsaga ke zaɓar magani. In ƙarama ce, ko tsini ne ya ɓalle, ciko mai mannewa ya wadatar. In ta shiga dentin amma jijiya lafiya lau, sai a sa wa haƙorin hula, wato a ɗan fere shi a kifa masa murfin tangaran ko na ƙarfe da zai ɗaure shi ta kowane gefe, kamar yadda ake ɗaure tsagaggen turmi da ƙarfe don kada ya buɗe in ana daka. In jijiya ta kamu, sai a yi allurar kashe zafi a cire ta, a wanke hanyoyin saiwa a toshe, sannan a sa hular. Wannan yakan ɗauki zuwa ɗaya ko biyu, wani lokaci fiye. In tsagar ta wuce dasashi ta shiga saiwa, ko haƙorin ya rabu, cirewa ce ta rage.

Likitan kirki zai gaya maka cewa ko an sa hula, tsagar tana nan a ƙarƙashi, an dai hana ta motsi. Da yawa irin waɗannan haƙora sukan yi shekaru suna aiki, wasu kuma daga baya su buƙaci a cire jijiya ko a cire su.

Mutane da yawa da sun ji kuɗin hula sai su ce a cire kawai a huta. Uzuri ne mai ƙarfi, amma a san abin da ke biyo baya. Giɓin turmi ba ya zama haka nan. Maƙwabtansa sukan karkato cikinsa, na samansa ya zazzago, abinci ya riƙa maƙalewa, nauyin tauna ya koma kan sauran. Cike giɓin da haƙorin roba, ko gada, ko dashe, wani kuɗin ne, dashen ma ya fi hular tsada nesa ba kusa ba. In kuɗi bai cika ba, ka faɗa wa likita gaskiya. Yana iya rage tsinin haƙorin kaɗan don ya daina karo da na sama, ya sa cikon wucin gadi ko ya ɗaura masa zoben ƙarfe, ka samu lokacin haɗa kuɗi.

Asibitocin koyarwa na Kano, Zariya, Sakkwato da Maiduguri duk suna da sashen haƙori, haka Babban Asibitin Ƙasa da ke Yamai, da manyan asibitocin gwamnati da dama, kuma galibi sun fi na kuɗi sauƙi. In ta kai ga cirewa, a cije audugar da aka sa na minti 30, kada a kurkure baki ko a yi ta tofar da yawu ranar farko, kada a sha taba. Gudan jinin da ya kwanta a gurbin shi ne murfin ciwon, in ya fita zafin da ke biyo baya ya fi na farko.

Kare waɗanda suka rage

Wanda haƙorinsa ɗaya ya tsage, dalilin da ya tsaga shi yana nan yana jiran sauran. A tsince shinkafa da wake a rege su da kyau. A fasa ƙashi da goriba da abin fasawa, a nemi mabuɗin kwalba. A yi sakace da tsinken sakace ko zaren haƙori, a bar allura da ƙusa. Mai cizon haƙora da dare ya nemi likita ya auna masa robar da ake kwana da ita a baki. Mai hawa babur ya sa hular kwano.

Kogo shi ne babbar ƙofar rauni. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya nuna mutum kusan biliyan 2 da rabi ne ke yawo da ruɓewar haƙori da ba a yi wa magani ba, kuma kowane rami da aka bari ya faɗaɗa bango ne da ke jiran tsagewa. A goge baki sau 2 a rana da makilin mai fuloraid, na dare ya fi muhimmanci, a tofar kada a kurkure da ruwa. Asuwaki yana da amfaninsa, a haɗa su. A rage yawan lasar zaƙi tsakanin abinci, a kai baki a duba ko sau ɗaya ne a shekara, a cike rami tun yana ƙarami.

Jiki magayi ne, kuma baki yakan riga mai shi sanin akwai matsala. Ranar da ka lura loma tana komawa gefe ɗaya da kanta, ko kana karkata kai in za ka sha ruwan sanyi don kada ya taɓa wani wuri, ka riƙe kwanan watan da abin da ka ci, ka je ka yanki kati a cikin satin nan, tun haƙorin yana guda ɗaya.